Kawuna, Alƙalin da Ba Shi da Usur

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, da mai gogaggiyar riga da mai yamutsattsiya. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a tsakiyar zafin bana. An yi masa salla a Harami, an kai shi makwancinsa. Ban zauna rubuta wannan don tsoron a manta da shi ba, domin mutanen lungunmu na Nakkasa ko sun so ba za su iya ba. Tsorona kada a riƙa tuna shi a karkace.

Ranar farko ta zaman makoki mun jera kujeru a lungu yadda ake yi a nan Makka, aka ja fitilu, aka dafa gahawa, aka zuba dabino. Kujeru suka fi mutane yawa, har wata mage ta zo ta zaɓi ta sahun gaba ta kwanta, muka ƙyale ta don ita ma cika wuri ce. Waɗanda suka zo kuwa, rabinsu ba gaisuwa ce ta kawo su ba. Mutum zai riƙe hannuna yana cewa Allah ya ba da haƙuri, idonsa na can bayana yana leƙen ƙofar gida ko zai hango baƙar jakar mamaci. A cikin gida wata ta ce wa Ummata, "Allah ya jiƙansa. Shi kaɗai ya san inda yake zuwa ranar Juma'a." Umma ta amsa amin ɗin rabin farko, ta bar mata sauran.

Wani maƙwabci ya ja ni gefe ya rage murya. "Ya shekh, tsakanina da kai, hukuma ta aiko da wani abu?"

Na ce, "Ta aiko da jirgi mai saukar ungulu cike da shinkafa, wurin sauka yake nema."

Bai yi dariya ba. Sai da ya ɗaga kai ya duba sama.

Baffa, yayan mahaifina, shi ne dattijon lungun. Ya zo, don ba zai yiwu a ce bai zo ba, amma can ƙarshe ya zauna, kuma da aka miƙa masa gahawa ya girgiza kai. Wannan girgiza kan ba ƙaramin abu ba ne. An riga an shafa wa bangayenmu jan fenti, alamar za a rushe mu kamar yadda aka rushe na sama da mu. Baffa ne ya samo wani bene kusa da unguwar Kudai, mai gidan ya damƙa masa makullai ya raba wa iyalan lungu don kada mu warwatse. Ɗaki ɗaya ya rage, a ƙasa. Inna, matar Kawu, tana takaba, ba ɗa ba jika a garin nan, sana'arta zoɓo da ƙanƙara, masu sayenta kuwa su ne waɗannan maƙwabtan. Baffa ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa ba zai ɗauki kunnen hukuma ya kai sabon gida da hannunsa ba. In bai ba ta ɗakin ba, sai dai ta ƙare a bayan gari cikin mutanen da ba su san ko sunanta ba.

To bari in faɗi laifin Kawu. Laifinsa shi ne guga.

A lungun da kowa ke yawo da jallabiya da silifas, a garin da rana ke iya dafa ƙwai tun yana cikin kaza, Kawu kowace Juma'a da sassafe zai fito da riga shuɗiya mai haske, a soke cikin wando ruwan toka. Karin wandon nan, wallahi in ka gifta kusa sai ka duba ƙafarka ko ta yanke. Baƙin bel, baƙar safa doguwa har ƙwauri, baƙin takalmi sau-ciki da za ka iya gyara gemu a jikinsa, da hular hana-salla mai duhu. A hannu ɗaya riga ta biyu a rataye cikin leda, a ɗayan baƙar jaka. Haka zai gangara Kudai ya shiga motar Jidda, ba zai dawo ba sai bayan la'asar.

Kuma bai taɓa ɓoye abin da yake yi ba. Tun farko ya ce alƙalancin wasa yake yi. Ya ce akwai wata ƙwallo da ma'aikatan wani kamfani, 'yan Filifin da wasunsu, ke bugawa a filin gidajen kamfanin, sunanta sofbol. Ɗaya ya jefa, ɗaya ya maka mata kulki, a ruga a guje, shi kuma yana tsugune a baya yana faɗin wanda ya yi daidai.

Mutanen lungu suka dubi juna. Ai mun san alƙalin wasa, muna ganinsa a talabijin. Gajeren wando yake sawa, yana da usur, yana da jan kati.

Baffa ya ce, "Alhaji, ina usur ɗinka?"

Kawu ya ce, "Ba a hura usur a wannan wasan."

Baffa ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ita ta bi Kawu har kabari.

Daga nan duk abin da aka gani ya zama shaida. Ranar Asabar Inna kan shanya kayansa a saman soro, mata kuma na da ido. Aka ga wani abu mai kauri da ake ɗaurawa a ƙirji ƙarƙashin riga, aka ce rigar hana harsashi ce. Aka ga abin rufe fuska mai sandunan ƙarfe, aka ce irin na masu kwantar da tarzoma ne. Aka ga 'yan jakunkuna biyu da yake ratayawa a bel, aka ce na ankwa ne. Yana da wani ɗan buroshi da bai fi tafin hannu ba, kullum kafin ya fita sai ya duƙa ya share dokin ƙofa da shi, aka ce sawun baƙinsa yake gogewa. Da abin ya ishe shi ya taɓa nuna hoto a waya, ga shi a tsugune da ƙarfe a fuska, ga wani ƙato a gabansa ya ɗaga kulki. Hoton bai gama zagaya majalisa ba aka yanke hukunci cewa wurin koyon duka ne.

Amma babbar shaidar ita ce ɗan abin da yake riƙewa a hannun hagu. Wani ɗan ƙarfe ne mai ƙafafu kamar na agogo, yana tafe yana murza shi da babban yatsa, ƙas, ƙas, ƙas. Ya ce hannunsa yake sabarwa don kada ya riƙa dubawa a fili. A lungun da fiye da rabin mutane suka zo aikin hajji tun zamanin da, suka zauna ba takarda, mutum mai igama, wato takardar izinin zama, a aljihu, mai kaki a jiki, yana wuce ƙofar gidanka yana ƙas, ƙas, me za ka ce yana ƙirgawa? Kaji?

Ni da nake ɗan ƙanwarsa ban taɓa ganin filin nan ba. Juma'a ce ranar da nake samun fasinja a Kudai, ƙofar kamfanin kuma ba a shiga sai da kati. In an tsare ni da tambaya sai in ce shi ne ke gadin wata da daddare don kada a sace, in wuce.

Abin da na gani da idona shi ne yadda yake yaƙi da zafi ba tare da ya bari zafin ya sani ba. Daren Alhamis zai jiƙa farar singileti ya naɗe a leda ya tura cikin firizar Inna, tsakanin ƙullin zoɓo.

Inna ta ce, "Alhaji, wata rana sai na sayar wa wani da singiletinka."

Ya ce, "In ya saya ki ce masa ya dawo da ita a goge."

Hular nan, gishirin gumi ba ya kwana a jikinta, da tsohon buroshin haƙori yake wanke ta. Riga ta biyun ta wasa na biyu ce, don a cewarsa alƙali ba ya shiga sabon wasa da gumin tsohon wasa. Tawul a wuya haramun ne a mazhabarsa. Naɗe hannun riga, buɗe maɓalli, ɗora tabarau a kan hula, duk a jerin manyan zunubai suke. Ya ce shi da abokin aikinsa dole su fito iri ɗaya sak, in ɗaya ya manta ya zo da riga mai duhu, to duka biyun za su sa mai duhu su gasu tare.

Na taɓa ce masa, "Kawu, don Allah ka sa gajeren wando mana, kowa ya huta. Kai ka sha iska, lungu ya yarda kai alƙali ne."

Ya dube ni daga hula har silifas. Ya ce, "Kai ja'iri, zafi ba uzuri ba ne. Wanda na ce ya fita, gumi yake yi, ransa a ɓace, ga kulki a hannunsa. In ya waiwayo ya ga rigata a waje, ya ga gwiwata tsirara, sai ya ga abokin faɗa. In ya ga wandon nan, sai ya tafi ya zauna."

Wata rana naƙuda ta kama matar wani maƙwabci ana tsakiyar cunkoson hajji, motocin Muzdalifa sun toshe hanya ba gaba ba baya. Ni na ɗauko ta a motata, muka maƙale a bakin titi. Kawu ya shiga gida, ya fito cikin cikakkun kayansa, ya taka tsakiyar titi, ya ɗaga hannu ɗaya ya daka wata tsawa da ban san tana cikin ƙirjinsa ba. Manyan motoci suka tsaya cak. Ina jin har tattabarun Harami sai da suka dakata a sama. Muka wuce, aka haihu lafiya. Ranar suna uban jaririn ya gode masa, sannan ya zagaya baya ya ce wa mutane, "Kun gani ko? Wa ya isa ya tsayar da direban Makka in ba nasu ba?"

Rigimarsu da Baffa kuwa ba ta dariya ba ce. Wata Juma'a Kawu ya wuce da safe yana ƙas, ƙas. Kafin azahar masu duba takardu suka shigo lungu, suka tafi da mutane, ciki har da babban ɗan Baffa, wanda a nan aka haife shi. Aka mayar da shi ƙasar da bai taɓa gani ba. Da Kawu ya dawo da yamma, Baffa na tsaye a bakin lungu.

Ya ce, "Alhaji, yau nawa ka ƙirga?"

Kawu ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah."

"Ni zan ji tsoron Allah? Buɗe jakar."

"Da ka roƙa da na buɗe. Tunda umarni ne, ba zan buɗe ba."

Ka ji halin Kawu ke nan. In ya yanke hukunci ba ya dawowa, ko da a kansa zai faɗo. Tun daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ita ma a taƙaice kamar ana biyan ta da awo.

A bana likita ya ce masa ya bar tsayuwar rana. Ya ce to, ya je ya sayo sabuwar safa. Juma'ar ƙarshe ya dawo, ya cire rigar ya rataye ta da kansa, ya daidaita karin wandon a jikin marataya, ya ce Inna ta ba shi ruwa. Kafin ta kawo ya jingina da bango. Shi ke nan.

Mu koma kan kujeru. Ranar ƙarshe ta zaman makoki mutane sun ɗan ƙaru, don an ji za a yi shinkafa da nama. Bayan magariba sai ga wata farar mota ta tsaya a bakin lungu. Ƙofofi suka buɗe. Maza suka fito, shuɗiyar riga, wando ruwan toka mai kari, baƙin takalmi na sheƙi, hula mai duhu, suka jero sahu suna tahowa.

Wani ya ce a hankali, "Sun zo."

Jama'a, na ga ikon Allah. Wani tsoho da na tashi na gani da sanda ya bar sandar ya haye katanga. Mai jan addu'a ya bar ta a tsakiyar aya, ya bar takalmansa su ƙarasa. Mutumin da ya tambaye ni saƙon hukuma ya shige bayan tankin ruwa da farantin shinkafa a hannu. Har magen nan ta yi nata wuri, ashe ita ma ba ta da igama. Ni ina da takarda, amma ƙafafuna ba su san da haka ba, sai da na danne su da hannu.

Baffa kaɗai ya rage a sahu. Ba jarumta ba ce, gwiwarsa ce ta ƙi.

Na gaban, wani tsoho ɗan Filifin mai farin gemu, ya yi sallama cikakkiya, ya cire hula, sauran suka cire. Da Larabcin nan na kasuwa da kowa ke ji ya ce su abokan aikin marigayi ne, kuma al'adarsu in alƙali ya mutu sai a zo masa cikin kayan aiki. Ya ce su Musulmin cikinsu ne suka iya shigowa. Ya miƙo waya. A cikinta ga sauran can a gefen hanyar Jidda, daidai inda ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya wuce, sun jeru tun la'asar, huluna a ƙirji, ba wanda ya buɗe maɓalli ko ɗaya.

Baffa bai kalli wayar sosai ba. Ya ce min, "Tambaye shi ina usur."

Na tambaya. Tsohon ya ce ba usur, murya ce da hannu. Ya dunƙule hannun dama ya ɗaga ya daka irin tsawar Kawu. Kawunan da suka fara leƙowa daga saman soraye suka koma ƙasa gaba ɗaya.

Baffa ya ce, "A kawo jakar."

Ban motsa ba, don ba tawa ba ce. Sai labulen ƙofa ya ɗan ɗaga, hannun Inna ya turo ta waje. Muryarta ta biyo baya. "A buɗe masa. Mai ita ya tafi da taurin kansa, ni ba ni da shi."

Tsohon ya durƙusa ya riƙa fito da kaya. Ya ɗauko wata ƙwallo rawaya mai tauri kamar dutse ya sa a hannun Baffa, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna fuskarsa, wai nan take sauka in ɗan wasan da ke cafe ta ya kuskure. Baffa ya ɗauki rigar hana harsashin ya matsa da yatsa. Soso ne, duk ya lotsa. Ya zura yatsa cikin jakar ankwa, ya fito da ƙurar jar ƙasa. Fuskarsa dai ta mai cewa duk wannan ana iya shiryawa.

Sai ya ga ɗan ƙarfen. Ya ɗauka da yatsu biyu kamar kunama. Ya murza. Ƙas, ɗaya. Ƙas, biyu. Uku. Huɗu. Ƙas, sifili.

Ya sake murzawa. Ya gwada ɗaya ƙafar, ita ko huɗun ba ta kai ba ta koma. Ya juya shi baya yana neman wata ƙofa.

Ya ce, "Ina sauran?"

Tsohon ya ce babu saura. Jifa ake ƙirgawa da shi, kuma in jifa ya kai nan, ko mutum ya wuce ko ya fita, sai a fara sabo.

Baffa ya daɗe yana kallon abin a tafin hannunsa. Ya ce, "Gidana kaɗai mun fi haka."

Can ya ce, ba da ni yake ba, ba kuma da baƙin ba, "To wa ya nuna yarona?"

Wannan tambayar ba ta cikin jakar. Har yau ba mai amsarta, wataƙila ma ba wanda ya nuna kowa.

Tsohon ya ɗauki ɗan buroshin, ya je dokin ƙofar Kawu, ya juya wa lungu baya, ya duƙa ya share shi tas. Ya ce haka suke share wurin tsayuwar mai bugu kafin a fara, kuma marigayi ko a ranar da ta fi kowace zafi bai taɓa sharewa da ƙafa ba. Sannan suka zauna, gumi na bin bayan rigunansu, suka sha gahawa. Da aka zo kan Baffa ya miƙa hannu ya karɓa. Masu gudu suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa alwala ya je.

Washegari da hantsi Baffa ya yi sallama a ƙofar Inna. Na tashi a gabansa ban taɓa ganin jallabiyarsa ta haɗu da dutsen guga ba, amma ranar a goge take, da tabon ƙuna a kafaɗa, shaidar da kansa ya yi. Ya tsaya bayan labule ya ajiye makulli a dokin ƙofa.

Ya ce, "Hajiya, ɗakin ƙasa ne. Akwai wurin jona firiza kusa da taga."

Inna ta ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji."

Ya juyo ya gan ni ina kallon kafaɗarsa. Ya ce, "Kai, rufe bakinka. Ban ce na yarda da komai ba. Wasa ba usur, ni ban taɓa ji ba."

Ɗan ƙarfen kuwa bai mayar ba. Inna ta ce a bar masa. Yanzu mun koma Kudai, zoɓo na tafiya, kuma kullum bayan la'asar Baffa na fita yana jan gwiwa a gaban shaguna yana ƙas, ƙas. Shekaranjiya wani mai shayi da bai san mu ba ya kira ni gefe, ya ce tsakanina da shi, wannan tsohon wa yake yi wa aiki. Na ce ya dai riƙa gaishe shi da kyau.

Kawu, Allah ya sanyaya maka makwanci fiye da firizar Inna. Ya sa ranar tsayuwa, da rana za ta sauko kusa da kawuna, kana cikin masu inuwa. Ya yafe maka taurin kai, ya yafe mana dogon ido.